Ranar yoga ta duniya: me za mu ɗauka, me za mu bari?

Duk shekara idan 21 ga watan Yuni ta zagayo, hotuna kan cika kafafen labarai: dubban mutane a New Delhi zaune bisa tabarmi sun runtse ido, ofisoshin jakadancin Indiya a ƙasashe da dama suna tara jama'a a fili. A nan Nijar ranar takan faɗo daidai lokacin da gidaje ke cike da fargabar jarrabawar BEPC da BAC. Bana ƙanwata da ke shirin BEPC ta miƙo mini waya, ga wani bidiyo da ƙawayenta ke ta turawa juna a WhatsApp: mutum ya toshe hanci guda da yatsa yana jan iska. Ta ce, "Yaya, wai da gaske ne wannan yana kore tsoron jarrabawa, har ya warkar da ciwon ƙirji? Kuma ya halatta gare mu?" Na ce ta ba ni kwana biyu. Ga abin da na tattaro mata.

Mu fara da ita ranar kanta. Firaministan Indiya Narendra Modi ne ya kai shawarar gaban babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Satumban 2014, aka amince da ita ranar 11 ga Disamba, da goyon bayan ƙasashe 177, aka yi bikin farko a 2015. A watan Nuwamban 2014 gwamnatinsa ta kafa ma'aikata guda, AYUSH, mai kula da yoga da magungunan gargajiya. A 2016 kuma hukumar UNESCO ta sa yoga cikin jerin al'adun da ɗan Adam ya gada. Wato abin da muke gani a waya yana da gwamnati a bayansa, yana da kasuwa. Indiya na tallar kanta da yoga kamar yadda Faransa ke yi da harshenta. Wannan ba laifi ba ne, kowace ƙasa da hajarta. Amma mai saye shi ya kamata ya buɗe ido.

To, me ke ciki na gaskiya? Babban mutum mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. Idan tsoro ya kama shi, numfashin kan koma gajere, a saman ƙirji, zuciya ta shiga bugu da sauri, tafin hannu ya jiƙe. Akwai wata doguwar jijiya da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa zuwa zuciya da ciki, likitoci na kiranta vagus, aikinta kamar birki ne. Duk lokacin da mutum ya fitar da iska, bugun zuciya kan ɗan ragu. In ya ja fitar iskar ta yi tsawo, ya sauko zuwa wajen sau shida a minti, birkin kan ƙara kamawa. Shi ya sa tsoffinmu in sun ga mutum ya firgita sukan ce "zauna ka yi ajiyar zuciya tukuna". Masu yoga sun tsara wannan abu tun ɗaruruwan shekaru, suka ba shi suna pranayama.

Masu bincike sun gwada. A farkon 2023 wasu masana na Jami'ar Stanford a Amurka suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi da mutum ɗari da 'yan kai, minti biyar kullum har wata guda. Waɗanda aka koya wa jan iska sau biyu ta hanci sannan su sake ta a hankali ta baki, su suka fi samun sauƙin rai. A Ingila kuma, ƙungiyar mawaƙa ta English National Opera ta haɗa kai da likitocin Imperial College, suka koya wa masu fama da ragowar korona numfashi ta hanyar waƙoƙin reno, na mako shida. Gwajin da aka buga a 2022 ya ƙunshi mutum 150. An ga sauƙi wajen kwanciyar hankali da wani ɓangare na haki, amma lafiyar jiki gaba ɗaya ba ta canza a zo a gani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a ɗan littafin da ta yi wa masu murmurewa daga korona, ta sa dabarun numfashi da yadda ake zama a jingina gaba idan haki ya taso. Ka lura, duk gwaje-gwajen nan ƙanana ne, kuma abin da suka nuna shi ne sauƙi ga wanda ya riga ya sha magani ko wanda damuwa ta dama.

Ni kaina na ɗanɗana. Hunturun bara, tsakanin ƙurar hazo da garin alli, ciwon haƙarƙari ya kwantar da ni kwana goma. Maganin likita ne ya tashe ni, allura da ƙwayoyi. Amma bayan na koma aji, sai in rubuta layi uku a allo in tsaya ina haki gaban yara sama da saba'in. Majo na gidan likitan unguwarmu ya ce, "Mushe, ja ta hanci kana ƙirga biyu, ka tsuke baki kamar mai hura koko mai zafi, ka sake ta kana ƙirga huɗu. Hannu bisa ciki, ka ji cikin na tashi." Tsuke bakin yana riƙe ƙananan hanyoyin iska a buɗe, tsohuwar iska ta samu fita. Na yi ta yi safe da yamma, cikin 'yan makonni na dawo ina kai ƙarshen darasi. Bai taɓa ce mini sunan abin yoga ba.

Inda haɗarin yake shi ne lokacin da mai talla ya ƙetare daga "yana sauƙaƙawa" zuwa "yana warkarwa". A Indiyar ma an gani. A watan Yunin 2020 kamfanin Patanjali na shahararren malamin yoga Baba Ramdev ya fito da wani magani, Coronil, aka ce yana warkar da korona. Ma'aikatar AYUSH da kanta ta ce a dakatar da tallar. A 2024 Kotun Ƙolin ƙasar ta titsiye Ramdev da abokin aikinsa kan tallace-tallacen da ke yaudarar jama'a, har sai da suka buga neman afuwa a jaridu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu ma ai mun tuna saƙon da ya zagaya wayoyi lokacin korona, wai in ka iya riƙe numfashi daƙiƙa goma ba ka da cutar, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito ta ƙaryata.

A wurinmu kuskuren nan rai yake ci. Hukumar ta ce ciwon namoniya ya kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da 740,000 a duniya a 2019. Numfashin da ya kamata uwa ta fara koya shi ne ƙirga na ɗanta: jariri ɗan wata 2 zuwa 11 in ya kai sau 50 a minti, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 in ya kai sau 40, ko ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki, a ruga gidan likita a ranar. Babba kuma in tari ya wuce mako biyu, ga rama ga zufar dare, a gwada majina, don tarin tibi maganin wata shida yake so. Mai asma kada ya jefar da abin shaƙarsa saboda bidiyo. Irin numfashin nan mai sauri da ƙarfi da suke kira kapalabhati kuwa yana kawo jiri, mai ciki da mai hawan jini su kauce masa.

Saura tambayar halacci. Ni malamin lakwal ne, fatawa ta malamai ce. Abin da zan iya kawowa shi ne yadda ƙasashen Musulmi suka yi da batun. A Nuwamban 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga saboda abin da ke cikinta na addinin Hindu. A Janairun 2009 majalisar malaman Indonesiya ta rarrabe: wadda ke da kirari da bautar Hindu haramun ce, wadda motsa jiki ce zalla babu laifi. Saudiyya kuma ta amince da yoga a matsayin wasan motsa jiki a 2017. A Indiya ma, a bikin 2015, an cire gaisuwar rana, surya namaskar, daga tsarin hukuma bayan ƙungiyoyin Musulmi sun nuna ƙin yarda. Kusan duk gardamar kan abu biyu take: furta kalmar "Om" da rusuna wa rana. A ganina, wanda ya bar waɗannan ya tsaya ga jan iska da sakinta bai ari komai daga addinin kowa ba, don huhu halittar Allah ne. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tambayi malaminsa, ya nuna masa ainihin abin da zai yi, kada ya tsaya ga suna.

Akwai kuma wata kalma da ke yawo tare da yoga a taron bita, wato juriya. Ina da ja a nan. Malamin kwantaragi da ke jiran kuɗin wata ana binsa bashin hatsi, ko yaran da ke karatu a ajin zana iska na watsa musu ƙasa, damuwarsu tana da tushe, kuma tushen ba a ƙirjinsu yake ba. Minti biyar na numfashi zai sa malamin ya shiga aji bai huce a kan yara ba, wannan riba ce. Amma kada wani mai mulki ya mayar da shi madadin albashi da ginin aji.

Ƙanwata dai na ce mata ta rufe bidiyon. Daren jarrabawa ta kwanta da wuri. In an raba takardu ta ji hannunta na rawa, ta yi addu'arta, ta ja iska ta hanci, ta sake ta a hankali ta baki sau biyar kafin ta karanta tambayar farko. Ni ma tun bara haka nake yi da 'yan ajina kafin kowane gwaji, minti biyu kacal, ko sisi ba ya ci. Ta ce, "To Yaya, lissafin fa?" Na ce wannan kam ɗauko littafinki, mu zauna.