Ra'ayinmu: Ginin Damagaram na buƙatar lissafi a rubuce, kuma wayar hannu ta isa a fara

Ranar 3 ga Satumban 2024, tsohon masallacin Birnin Damagaram, wanda aka gina da ƙasa a tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe sakamakon ruwan sama mai ƙarfi. A wannan damina gidaje masu yawa sun zube a faɗin Nijar, abin da ya sa gwamnati ta rage farashin siminti a watan Oktoba domin jama'a su samu su sake gini. Matakin ya yi daidai. Sai dai arhar siminti ba ta magance babbar matsalar gini a birnin, wato yin aiki da ka, babu rubutu.

Duk wanda ke aiko da kuɗi daga Libiya, Aljeriya, Legas ko Faransa ya san labarin. Ana tura kuɗi ta Nita ko Amana, a ce an sayi siminti da ƙarfe, bayan shekara biyu mai gida ya dawo ya tarar da gini bai wuce taga ba. Ba kullum ne cin amana ba. Sau da yawa babu zanen gida, babu lissafin kaya tun farko, magini na ƙiyasi da ido, ana rushe bango a sake shi saboda an canza ra'ayi. A garin da ke zaune kan duwatsu, yake kuma fama da ƙarancin ruwa, kowane bangon da aka sake asarar ruwa ce da kuɗi da kwanakin leburori.

Maganin farko yana cikin aljihun kowane matashi. Kafin a haƙa tushe, a samu zane da jerin kaya a rubuce: buhu nawa, ƙarfe nawa, bulo nawa, kwana nawa. A raba biyan kuɗi mataki-mataki, daga tushe zuwa linta zuwa rufi, kada a saki kuɗin gaba sai an ga hoto ko bidiyon aikin da aka gama ta WhatsApp, tare da rasit. Wannan tsari yana kare mai gida, yana kuma kare magini mai gaskiya, domin shi ma ana yawan riƙe masa haƙƙinsa babu shaidar da zai nuna.

Na biyu yana wuyan hukumomin birni. Rigimar fili ɗaya da aka sayar wa mutum biyu ta tsayar da gine-gine da dama, ta kuma raba zumunci. Lokaci ya yi da gundumomi 5 na birnin za su haɗa rajistar filaye guda a kwamfuta, kowane fili da lambarsa da iyakarsa ta GPS, ta yadda mai saye zai tantance shi daga inda yake. Rajistar ta nuna hanyoyin ruwa da tafkuna domin a daina yanka filaye a inda ambaliya ke bi. Ruwanda ta auna filaye sama da miliyan 10 cikin 'yan shekaru, Kano da ke maƙwabtaka da mu kuma tana da hukumar KANGIS. Shirin Zinder Saboua na 2018 ya kawo tituna da gine-gine, amma rajista irin wannan za ta fi kowane fenti daɗewa.

Na uku shi ne horo. Jami'ar André Salifou da cibiyoyin koyon sana'a su buɗe gajerun kwasa-kwasai da Hausa, inda magini zai koyi karanta zane da lissafin kaya a waya. Ɗalibai kuma su shiga Birni da Zango su ɗauki hoto da awon tsofaffin gidaje masu zayyana, da fadar Sarkin Damagaram, su naɗi bayanin dattawan magina kan haɗin tubali da makuba. Ginin da aka adana awonsa ana iya mayar da shi yadda yake idan ya faɗi. Wanda ba a adana ba ya tafi ke nan.

Kada a ɗauka zamani na nufin watsi da ƙasa. Mariam Issoufou Kamara ta yi amfani da tubalin ƙasa da aka matse da inji wajen ginin masallaci a Dandaji, Francis Kéré na Burkina Faso kuma ya lashe kyautar Pritzker a 2022 da irin wannan tunani. Ginin ƙasa ya fi sanyi a zafin Damagaram, muddin an yi masa tushe mai ƙarfi da indararo.

Kiranmu ga 'yan uwa da ke ƙetare shi ne, daga yau kada a tura ko jika ɗaya sai da zane da lissafi a rubuce. Hukumomin birni kuma su sanar da ranar da rajistar filaye za ta fara aiki, kafin damina ta sake zagayowa.