Maganin Kaskar Sa a Jikin Ɗan Kyanwa

Ranar Talatar makon jiya, bayan sallar La'asar, 'yar ƙanwata da ke aure a Bungudu ta kira ni a waya, muryarta na rawa. "Kawu, don Allah ko ka san wani likitan dabbobi a nan Gusau? 'Yan mussar nan tawa duk karkarwa suke yi, ɗaya ma har kumfa yake fitarwa." Mussa ita ce kyanwa a bakin mutanenmu, ga waɗanda ba su saba da harshen wannan yanki ba. Na tambaye ta abin da suka ci. Ta ce ba su fara cin komai ba, nono suke sha, kwanansu 20 da haihuwa. Sai dai da hantsi ta ga ƙuma ta cika musu jiki, mai gidanta ya ɗauko ragowar maganin kaskar da ya saya wa sansa na kiwo, ta ɗiga wa kowannensu a ƙeya.

Su huɗu ne. Kafin gari ya waye biyu sun mutu.

Na san akwai mai karatun da zai ce, a jihar da ake kwana da fargabar 'yan bindiga, wa ke da sukunin zancen 'yan kyanwa? Na yi wa kaina wannan tambayar, na kuma ga zancen ya cancanci fili. Kyanwa ma'aikaciya ce a gidan Bahaushe. Ita ke gadin rumbu da ɗakin ajiya, ita ke hana ɓera ɓarnar gero da dawa, kuma a ƙasar da zazzaɓin Lassa ke yaɗuwa ta fitsari da kashin ɓera, wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Addininmu ma bai raina ta ba: kowane ɗalibin Islamiyya ya san labarin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare har yunwa ta kashe ta, ya kuma san inda Abu Huraira ya samo laƙabinsa. Bayan wannan, kwalbar da ta kashe 'yan kyanwar tana ajiye ne a ɗakin da yara ke rarrafe.

Sa mai matsakaicin girma yakan kai kilo 250 zuwa 300. Ɗan kyanwa mai mako uku da ƙyar yake wuce giram 300. Ke nan an ɗauki maganin da aka auna wa dabba ɗaya an sa wa wadda ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari takwas na nauyinta ba. Amma ko da an rage shi daidai gwargwadon nauyi, ba a tsira ba, domin matsalar tana cikin halittar kyanwa. Hantar mutum da ta kare da ta saniya suna da wani sinadari da ke kama wasu nau'o'in guba ya sarrafa su, su fita ta fitsari. Hantar kyanwa tana da ƙarancin wannan sinadari ƙwarai. Saboda haka magungunan ƙwari na dangin permethrin da cypermethrin, waɗanda su ne a cikin da yawa daga magungunan kaska da ake zuba wa shanu da karnuka a gadon baya, sukan taru a jikinta su rikita jijiyoyi. Wasu magungunan ƙuma na karnuka suna ɗauke da permethrin kashi 45 zuwa 65 cikin ɗari, har ma kyanwar da ta kwanta jikin karen da aka ɗiga wa tana iya kamuwa. Wannan raunin hanta shi ne dalilin da ƙwayar farasitamol ɗaya tak ke iya kashe babban muzuru. Na faɗi haka ne domin na san abin da hannun mutanenmu ke fara kaiwa gare shi idan dabba ta kwanta.

Jariri kuwa nasa ya fi muni. Hantarsa ba ta gama ƙosawa ba, fatarsa siririya ce, ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa. Ga uwa kuma tana lashe 'ya'yanta, sai ta haɗiye abin da aka shafa musu. Mu a Zamfara mun riga mun ga yadda guba ke fara cin ƙaramin jiki. A 2010, lokacin da gubar dalma ta ɓulla a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, manya da yara ƙura ɗaya suka shaƙa, amma yara fiye da 400 ne suka rasu.

Sauran abubuwan da ake kai wa kyanwa ba su fi wannan sauƙi ba. Akwai amitraz na wankan shanu, akwai allurar ivermectin da ake zuƙa da ƙiyasin ido, akwai kananzir da baƙin mai. Uwa-uba fiya-fiya, wato dichlorvos, wanda ake ɗurawa a kwalaben da ba su da suna balle bayani. Tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper da 'yan uwansa a kasuwanni da shagunan kayan masarufi, amma wanda ya zaga kasuwa a Gusau ko Tsafe ya san inda dokar ta tsaya. Ban ɗora laifin duka a kan mai tebur ba. Shi ma sau da yawa bai san abin da ke cikin kwalbar ba, abin da ya sani kawai shi ne tana kashe ƙwaro.

Alamomin sukan bayyana cikin 'yan sa'o'i, wani lokaci kuma sai bayan kwana ɗaya zuwa uku. Kunne ya riƙa motsi shi kaɗai, fata na zillo, yawu na dalala, tafiya ta koma tangaɗi, daga nan sai karkarwa da farfaɗiya. Wanda ya ga haka ya yi maza ya wanke dabbar da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulun wanke kwanuka na ruwa, ya ɗauraye sosai, ya tsane ta da tsumma, ya lulluɓe ta. Ruwan zafi yana ƙara shigar da gubar cikin fata, ruwan sanyi kuma yana iya kashe jaririn da kansa. Kada a ɗura mata madara ko manja, kamar yadda aka saba. Dabbar da ke karkarwa shaƙewa take yi, abin ya wuce huhu. Sai a nufi likitan dabbobi da kwalbar a hannu, domin maganin gubar fiya-fiya daban yake da abin da ake yi wa gubar permethrin, wadda ba ta da makari, sai dai a kwantar da karkarwar a ƙara ruwa har jiki ya fitar da ita. A nan ne mutumin ƙauye ke shiga uku. Wanda ke bayan Tsafe ko Kwatarkwashi ba ya hawa hanya bayan magariba saboda ransa ma, balle saboda kyanwa.

Ba ina cewa a bar ƙuma ta ci karenta babu babbaka ba. Jini take sha, kuma idan ta yi yawa tana iya tsotse ɗan kyanwa har dasashinsa ya yi fari ya mutu. Tana kuma ɗauke da tsutsar ciki. A gidajenmu da ake kiwon kaji akwai ƙumar kaji, wadda ke maƙalewa a gefen kunne da kewayen ido, har a ɗauka kaska ce. Ga jaririn da bai kai mako 8 ba, abin da ya fi aminci shi ne mataji mai ƙananan haƙora da kwanon ruwan sabulu a gefe: a taje, a tsoma, kullum. Kaska ta gaske kuwa, da hantsaki ake kama ta daf da fata a ja a hankali. Magungunan da aka yi domin kyanwa, irin su fipronil da selamectin na ɗigawa a ƙeya, suna nan, kuma kowanne an rubuta mafi ƙarancin shekaru da nauyi a jikin kwalinsa, galibi mako 6 zuwa 8. Idan babu sunan kyanwa ko hotonta a kwali, ba nata ba ne. Sannan mafi yawan ƙuma ba a jikin dabba take ba. Ƙwayayenta da tsutsotsinta suna cikin tsumma da tabarma da ƙurar lungu, don haka shara da wanke shimfiɗa da shanya ta a rana sun fi rabin aikin. (Gidan sauro mai magani ba ya cikin wannan zance, abin da ke jikin zarensa kaɗan ne, kada wani ya ce na ce a yar da shi.)

Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato da Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suna yaye likitocin dabbobi kowace shekara, cikinsu har da 'ya'yan Zamfara. Abin da nake roƙo gare su da ma'aikatar da ke kula da lafiyar dabbobi ta jiha ƙarami ne: minti goma a rediyo da Hausa, da kuma zama da masu sayar da maganin dabbobi a kara, a koya musu tambaya ɗaya da za su riƙa yi wa mai saye, wato wace dabba za a sa wa.

'Yan kyanwa biyun da suka rage sun tashi, bayan wanka da allurar da wani likita ya yi musu washegari. Da na je Bungudu ranar Juma'a na tarar da su suna kokawa a gindin turmi. Na tambayi kwalbar, aka nuno mini ita a kan taga, tsohuwar robar lemo ce, daidai inda ɗan shekara uku zai iya miƙa hannu. Na sa ta a aljihu na taho da ita.