Fina-finan Dillalan Ƙwaya da Tambayar da Muka Daina Yi

Rubutun yau da ɗan tsawo, a daure a kai ƙarshe kafin a yanke mini hukunci.

A watan Satumban 2021, Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, zamanin Isma'ila Na'abba Afakallah, ta sanar da hana fina-finan da ke nuna garkuwa da mutane, shaye-shaye da ƙwacen waya. A watan Afrilun 2024 kuma, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta hana masu nuna daba da daudu. Niyyar mai kyau ce, ban da ja. To amma tsakani da Allah, daga 2021 zuwa yau yaranmu sun daina kallon irin waɗannan fina-finai? Duk wanda ke zaune a cikin gari ya san amsa. Mu nan Zaitawa, da kuɗin da bai kai na shayi da burodi ba, mai shagon turi zai cika wa yaro waya da Narcos da El Chapo da fassarar Indiya ta manyan 'yan fasa-ƙwauri. Hukumar tana da iko da Kannywood, amma ikonta bai kai Netflix da YouTube da TikTok ba.

Ni ma ina kallonsu, kuma na san daɗinsu, don haka ba da jahilci nake magana ba. Masu shirya su za su ce maka ai darasi suke koyarwa, tunda a ƙarshe dillalin ko dai ya mutu ko ya ƙare a kurkuku. Haka ne. Amma mu ɗan yi lissafi. Zango biyu na farko na Narcos, wanda Netflix ya fara sakewa a 2015, kashi 20 ne a kan Pablo Escobar na Kolombiya. A kashi na 20 aka harbe shi a kan rufin gida a birnin Medellin, kamar yadda ya faru a zahiri ranar 2 ga Disamban 1993. Kafin a kai nan, mai kallo ya shafe sa'o'i yana tare da shi: gidaje, jiragen sama, kuɗin da aka rasa wajen ajiyewa har ana binnewa a ƙasa, manyan mutane na rawar jiki in an ambaci sunansa. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, in ji Bahaushe. Matsalar ita ce fim yana nuna maka kwana dubun nan ɗaya bayan ɗaya, da kiɗa mai daɗi, sai ya haɗa ranar mai kaya cikin 'yan mintuna. Kuma yaron da ke kallon guntayen da aka yanka a TikTok ko wannan ƙarshen ba ya gani. Ogan kawai yake gani yana taku, yaransa na bin bayansa.

Wanda ya fi taɓa ni a matsayina na ma'aikacin gwamnati shi ne Breaking Bad, wanda aka yi daga 2008 zuwa 2013, kashi 62. Jarumin, Walter White, malamin makarantar sakandare ne mai koyar da kimiyyar sinadarai. Albashi ba ya isa, har sai ya haɗa da aiki a gidan wankin mota bayan an tashi. Yana cika shekara 50 likita ya ce masa yana da kansar huhu. Wane ma'aikaci ne zai kalli wannan bai ga kansa ba? Mafi ƙarancin albashi a Kano naira 71,000 ne tun ƙarshen 2024, kowa kuma ya san inda kuɗin ke tsayawa kafin tsakiyar wata. Malam Walter ya zauna ya yi lissafin abin da iyalinsa za su buƙata bayan ransa, ya samu dala 737,000, ya ce da ya haɗa su zai daina dafa ƙwaya. Ya haɗa, bai daina ba. Sai da kuɗi suka kai wajen dala miliyan 80, jibge a ɗakin ajiya, matarsa ta gaji da ƙirgawa. A ƙarshe ya rasa iyalin da ya ce dominsu ya fara, kuma da bakinsa ya amsa wa matar cewa don kansa ya yi, don daɗin abin yake ji.

A nan fim ɗin ya faɗi gaskiya. Son zuciya ba ya zuwar wa mutum da sunansa. Da sunan kuɗin makaranta yake zuwa, da sunan kuɗin haya, da sunan "sau ɗaya kawai, in samu jari". Haka yake a ofis, haka yake a kasuwa, haka yake ga mai kemis ɗin da ya fara sayar da kwalba ɗaya ta bayan kanta ba takardar likita. Kuma kada wani ya ce wannan labarin Amurka ne. A watan Maris na 2016, NDLEA ta bankaɗo wani katafaren wurin dafa irin wannan ƙwaya, wadda yara ke kira ais, a Asaba ta Jihar Delta, ta kama 'yan ƙasar Meziko huɗu a ciki.

Yanzu ga inda nake da ƙorafi. A duk waɗannan fina-finai, dillali kyamara ke bi. Mai sha kuwa wucewa yake yi kamar inuwa, ba suna, ba uwa, ba tarihi. Mu kuma a Kano, ɓangaren da kyamarar ta tsallake, nan muke zaune. Ba mu ke dafawa ba, ba mu ke da jiragen ruwa ba. Mu ne kasuwar.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwaya, wanda aka fitar a Janairun 2019, ya ce 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. Kano ta tashi da kashi 16 cikin 100, wato mutum sama da miliyan ɗaya. A 2017 an faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalabar kodin miliyan 3 kullum a Kano da Jigawa. Ƙarshen Afrilun 2018 BBC ta saki rahotonta na bidiyo a kan kodin, muka ga matasanmu ɗaure da mari a gidan gyaran hali na Dorayi, washegari gwamnatin tarayya ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi. Kodin ya yi tsada, aka koma tiramol da ezol da roci, marasa hali suka tsaya a sholisho. A 2022 NDLEA ta buɗe wani gida a rukunin Victoria Garden City da ke Lekki a Legas, ta samu ƙwayar tiramol sama da miliyan 13. Shi mai gidan, rayuwarsa irin ta fim ce. Masu haɗiyar ƙwayoyin fa? Wasunsu su ne ke tare mutane da wuƙa a lungu saboda waya, wasu suna kwance a asibitin Dawanau, wasu matan aure ne a cikin ɗakunansu, ba wanda ya sani sai abu ya yi nisa.

Akwai ma wanda bai sha ba, bai sayar ba, amma son zuciyar wani ya kusa kai shi lahira. Kun tuna ɗalibar nan 'yar Kano da ta tafi Umara da mahaifiyarta a Disamban 2018? An kama ta a Madina saboda wata jaka mai tiramol da ke ɗauke da sunanta, a ƙasar da hukuncin wannan laifi kisa ne. Binciken NDLEA ya gano cewa wasu ma'aikata ne a filin jirgin Malam Aminu Kano suka liƙa sunanta a jakar da ba tata ba. Wata huɗu tana tsare kafin a sake ta a ƙarshen Afrilun 2019. Wanda ya liƙa takardar nan, na tabbata shi ma yana da nasa uzurin na kuɗin haya da na makaranta. Wane fim ne ya fi wannan tayar da hankali? Amma har yau ogan dillalai muke yi wa kirari.

Sai dai a yi adalci. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Fim ba ya shuka kwaɗayi a zuciyar da ba a riga an yi mata kaftu ba. Yaron da ya kalli Escobar ya ajiye waya ya fito ƙofar gida, me yake gani? Yana ganin wanda bara ba shi da ko keke, bana ya sayi gida ya rushe ya tayar da bene. Ba wanda ya san shagonsa, ba wanda ya san ubangidansa. Amma sahun gaba ake ba shi a ɗaurin aure, shi ne babban baƙo a saukar karatu, maroƙa na wasa shi, iyaye na addu'ar ya ƙyalla ido ya ga 'yarsu. Ba cewa nake duk mai sabon kuɗi dillalin ƙwaya ne ba, Allah Ya tsare ni da zato. Cewa nake mun daina tambaya, kuma yara sun lura mun daina.

Da ba haka birnin nan yake ba. Cikin badala kowane arziki da sunansa: wane fataucin goro, wane rini, wane jima, wane dukanci, wane rumfarsa na Kasuwar Kurmi tun kakansa. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, kowa ya san da goron Gwanja ya tashi kafin gyaɗa. In za a ba mutum aure, sai dattawa sun tura an binciko sana'arsa, kuma "yana buga-buga" ba amsa ba ce a wancan lokaci. Kano ba ta taɓa ƙin mai kuɗi ba, garin kasuwa ne. Abin da take nema shi ne ta san hanyar.

Tarihin Escobar kansa darasi ne a kan wannan tambaya. Mutumin ya gina wa talakawan Medellin gidaje da filayen ƙwallo, suka ɗauke shi uban marayu, har ya shiga majalisar dokokin ƙasar a 1982. Shekara da shekaru ana cin kuɗinsa an yi shiru. Lokacin da ministan shari'a Rodrigo Lara Bonilla ya fito fili ya tona asalin dukiyar, abu ya riga ya yi ƙarfi, aka harbe shi a Afrilun 1984. Editan jaridar El Espectador, Guillermo Cano, wanda ya tono tsohon labarin kama Escobar da hodar iblis, shi ma aka kashe shi a Disamban 1986. A Nuwamban 1989 aka tarwatsa jirgin fasinja na Avianca a sama, mutum 107 da ke ciki ba wanda ya fita. Tambayar da mai unguwa zai iya yi a zaure tun abu na ƙarami, in aka bar ta, wata rana minista ma sai ya biya da ransa kafin ya yi ta.

Su kansu dillalan sun san darajar fim. Da aka sake kama Joaquin Guzman, wato El Chapo, a Janairun 2016, hukumomin Meziko sun ce neman da ya yi a shirya fim a kan rayuwarsa, har yana tuntuɓar 'yan wasa da furodusoshi, na cikin abin da ya nuna musu inda yake. Mutum na ɓuya, duniya na nemansa, amma burinsa a nuna shi a matsayin gwarzo. Yau yana kurkuku a Amurka, ɗaurin rai da rai tun 2019.

To mene ne abin yi? Ra'ayina, hana Kannywood taɓa maganar ƙwaya kwata-kwata bar wa baƙi fili ne. Na Kolombiya da na Meziko za su ci gaba da shigowa ta waya, namu da suka san lungu da harshe da halin gidajenmu an rufe musu baki. Na san abin da masu goyon bayan hanin ke dubawa. Mun ga yadda A Duniya ya karɓu, yara suka haddace maganganun Abale suna maimaitawa a makaranta da majalisa, darasin kuma ya bi iska. Damuwarsu gaskiya ce. Amma wannan farin jinin shi ne shaidar cewa 'yan fim ɗinmu na da hannun da zai kai saƙo inda wa'azi da sanarwar gwamnati ba sa kaiwa.

Don haka roƙona ga hukumar tacewa: maimakon a tambayi mai fim "ka nuna ƙwaya?", a tambaye shi "wa kyamararka ta bi?" 'Yan uwanmu marubuta da daraktoci kuma, ku juya ta. Ku ba mu uwar da ke ɓoye tukunya da buhun shinkafa don kada ɗanta ya sayar. Ku ba mu amaryar da ƙawaye suka koya wa kwalba a gidan biki. Ku ba mu mai kemis ɗin da ya ƙi, aka janye masa ciniki, ya daure. Ku ba mu ma'aikacin filin jirgi a daren da zai liƙa sunan baiwar Allah a jakar da ba tata ba. In za ku nuna dillali, ku nuna shi yadda yake: mutumin da ba ya barci, ba ya yarda da kowa, yana kai nasa 'ya'yan makaranta mai tsada da kuɗin haukatar da 'ya'yan maƙwabta.

Mu iyaye da yayye, ƙwace waya kaɗai ba ya magani, wayar aboki na nan. Ka zauna ka kalla tare da yaronka, in an gama ka tambaye shi: kayan nan da ogan ya loda a mota, cikin wa za su ƙare? Masu unguwanni da limamai da kwamitocin masallatai da na makarantun Islamiyya, in an kawo gudummawa mai nauyi daga hannun da ba a san sana'arsa ba, ba laifi ba ne a yi godiya sannan a yi tambaya cikin mutunci. Mai halal ba ya jin haushin a tambaye shi inda rumfarsa take, daɗi ma zai ji ya yi talla. Haka in an zo neman aure.

Mu ma'aikata kuma, kowa ya san takardar da ke bi ta teburinsa da abin da sa hannunsa ke iya buɗewa. Kwantenar ƙwaya ba ta da ƙafa. Daga tashar jirgin ruwa zuwa kemis ɗin lungu, hannuwa da yawa ta bi, kuma yawancinsu hannun masu albashi ne irinmu.

Wanda yake ganin hanin ne daidai, ina sauraron hujjarsa, a yi muhawara cikin ladabi. Allah Ya wadata mu da halal, Ya shirya mana zuri'a, Ya ba waɗanda suka faɗa wannan masifa lafiya da mafita. Amin.