Wa zai ɗauki Zango a fim yadda yake?

Kwanan baya na kalli wani tsohon fim na ƙasar Jafan mai suna Tokyo Story, wanda Yasujiro Ozu ya shirya a 1953. Babu faɗa a ciki, babu bindiga. Tsoho ne da matarsa suka taso daga garinsu Onomichi don ziyarar 'ya'yansu a birnin Tokyo. Ɗan likita ne, 'yar kuma tana da shagon gyaran gashi, kowa na fama da hidimar gabansa, har suka tura iyayen wurin shaƙatawa don su huta da su. Wadda ta riƙe su hannu biyu ita ce matar ɗansu da yaƙi ya cinye.

Wallahi sai na ga kamar a Aboabo ko Asawase aka ɗauke shi. Gida nawa ne a nan tsohuwa ke zaune da waya a hannu, tana jiran ɗanta ya kira daga Italiya ko Amurka? Jafanawa sun dubi kansu bayan yaƙi, sun nuna yadda birni ya raba zumunci, duniya kuma ta san su ta nan.

Mu fa? Kumawood a garinmu take, amma a yawancin abin da na gani, ɗan Zango maigadi ne, ko ɗan daba, ko malami mai tsibbu. Kannywood kuwa, tun daga Turmin Danya na 1990, labarin Kano take bayarwa, ba namu ba. Ba na ganin laifinsu. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Labari kam muna da shi: fataken goro da suka bi ta Salaga, makarantun allo, uwar da ta kai yaro jami'a da kuɗin koko da ƙosai, Hausarmu da ta sha Tuwi.

Saboda haka ina kira ga masu hali da sarakunanmu, da Asusun Raya Zango da aka kafa dokarsa a 2017, su tallafa wa matasa masu sha'awar harkar. Malamai kuma su gyara musu maimakon su tsine. Ku kuma samari, wayar hannunku ta isa farawa. Ku zauna da kakanninku ku ɗauki muryarsu tun suna raye, domin duk wanda muka kai Tafo, da labarinsa yake tafiya.