Ra'ayinmu: Kwalliya ba za ta dawo da kantunan Birtaniya ba

A watan Mayun 2021 ne Debenhams, kamfanin da ya shafe sama da shekara 200 yana ciniki a Birtaniya, ya rufe sauran kantunansa. Kamfanin Boohoo, mai sayar da tufafi ta intanet, ya sayi sunan a kan fam miliyan 55, amma bai karɓi kanti ko guda ba. Kafin nan Woolworths ya durƙushe a 2008 da kantuna kusan 800, BHS ya bi sahu a 2016, daga baya Wilko a 2023. A garuruwa da dama, babban titin kasuwa na tsakiyar gari ya koma jerin ƙofofi a garƙame.

Kowa na ɗora wa intanet laifi, kuma ba ƙarya ba ne: sama da kashi ɗaya cikin huɗu na sayayyar 'yan ƙasar ta nan ake yin ta yanzu. Amma da hannun gwamnati a ciki. Harajin wuraren kasuwanci ana lissafa shi ne bisa darajar hayar gini, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Mai kanti a tsakiyar gari yana biyan kuɗi mai tsoka, alhali katafaren sito a bayan gari, inda haya ke da arha, yana samun sauƙi.

Maimakon a kama bakin zaren daga nan, sai aka koma rabon tallafi. A 2012, bayan rahoton Mary Portas, an zaɓi garuruwa 12 aka ba kowanne kimanin fam dubu 100. Wannan ai ɗigon ruwa ne a bakin mai ƙishi.

Garin Stockton-on-Tees, a arewa maso gabashin Ingila, shi ne ya kalli gaskiya ido da ido. Hukumar garin ta yarda cewa shaguna sun yi wa masu saye yawa. Ta sayi cibiyar kasuwanci ta Castlegate, ta mayar da 'yan kasuwa da dama wani rukunin shaguna da ke kusa, sannan ta fara rushe ginin a 2022 domin yin wurin shaƙatawa har bakin Kogin Tees.

Muna ganin wannan hanya ta fi, duk da cewa da kuɗin jama'a aka yi kasadar. Sai dai wurin shaƙatawa ba ya biyan albashi. Rushewar BHS kaɗai ta raba mutum kusan dubu 11 da aikinsu.