Ku Taka Birki, 'Yan Uwa!

Wata ranar Lahadi da la'asar, a hanyar Zariya zuwa Kano, dab da Kwanar Ɗangora, tayar wata Sharon da ke gabanmu ta fashe. Motar ta yi ta wuntsilawa har ta kife a gefen titi. Kafin direbanmu ya gama fakawa, motoci da yawa sun wuce. Kowa sai ya rage gudu, ya leƙo ta taga, ya yi salati, ya ƙara wuta. Cikin waɗanda suka tsaya kuwa, rabinsu waya ce a hannu suna ɗaukar bidiyo. Wata dattijuwa mai tallan gyaɗa ce ta ajiye farantinta, ta cire mayafinta ta ninke, ta danna a cinyar wani saurayi da jini ke ɓulɓulo masa. Sai faɗi take, "Sannu ɗan nan, kar ka rufe ido, ina nan." Ba ta ɗaga hannunta ba har aka saka shi a mota.

Jama'a, ina muka kai tausayinmu? Wannan baiwar Allah ba ta da lasisi, ba ta taɓa zama ajin koyon agaji ba, amma ta fi mu duka da muka tsaya cirko-cirko.

Na san abin da ke sa mutum ya wuce. Ana tsoron a kai mai rauni asibiti a ce sai an kawo takardar 'yan sanda ko a ajiye kuɗi, ko kuma mai taimako ya wayi gari shi ake tuhuma. Tsoron yana da tushe, an sha gani. To amma ku sani, sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa asibiti da ma'aikacin lafiya su ƙi duba wanda ke bukatar taimakon gaggawa, ko da wane dalili ne, kuma akwai tara ko ɗauri a kan wanda ya ƙi. Ku riƙe wannan, ku faɗe shi a bakin ƙofar asibiti ba tare da jin kunya ba. Akwai kuma tsoron dare da tarkon masu garkuwa da mutane. Nan ba zan ce wa kowa ya jefa kansa halaka ba. In wurin bai kwanta maka ba, ka wuce, amma ka kira 122, layin kyauta na Hukumar Kiyaye Haɗurra, ko 112, ka faɗi sunan garin da ke kusa, ka kuma sanar a shingen jami'an tsaro na farko da ka tarar.

In ka tsaya, fara da tsare wurin. Faka nesa, kunna fitilun gargaɗi, a karya ganye a jera a titi tun daga can baya, kar wata tirela ta zo ta bi ta kan masu ceto. A kashe injin motar da ta faɗi, kar wanda ya kunna sigari. Inda jini ke zuba, a sa tsumma mai tsabta a danna da ƙarfi, kar a riƙa ɗagawa ana leƙawa. Ina roƙonku da girman Allah, ku daina fizgo mutane daga mota kamar buhun masara. Wanda wuyansa ko gadon bayansa ya taɓu, jan da za a yi masa na iya kwantar da shi har ƙarshen rayuwarsa. In ba wuta ce ta tashi ba, a tallafe kai da wuya, a ɗaga shi tare a hankali. Wanda ya suma, kar a ɗura masa ruwa, shaƙe shi za a yi. Wanda rai ya yi halinsa a suturta shi. Wayoyi da kuɗin mutane amana ne, a tattara a miƙa ga jami'ai. Ku kuma ji tausayin uwar da za ta buɗe Facebook ta ga gawar ɗanta kafin a zo mata da labari.

Tankar mai daban ce. A Majiya ta Jihar Jigawa, a watan Oktoban 2024, fiye da mutum 150 suka ƙone wajen kwasar fetur. Bayan wata uku aka sake ganin irinta a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja. In tanka ta faɗi, taimakon shi ne ka kori jama'a su yi nisa, ka kira 'yan kwana-kwana.

Shugabannin tasha, ku tara direbobinku ku gayyato 'yan agaji da Red Cross su koya musu tsayar da jini, ko na yini ɗaya ne. Malamanmu, ku sa wannan a huɗubar Juma'a. Masu mota, ku ajiye safar hannu da bandeji da tocila a but. Kai kuma da ke karanta wannan, ciro wayarka yanzu ka adana 122 da 112 kafin ka kama hanya gobe.