Wa ke ciyar da ɗan tsere kafin ranar gasa?

Duk wanda ya taɓa kallon gasar wasanni ta gidaje a makarantunmu na Dutsin-Ma ko Kurfi ya san yadda ake tashi: wanda ya zo na ɗaya a tseren mita 100 a miƙa masa bokitin roba da littattafan rubutu, a tafa masa, washegari kowa ya koma aji. To, yaron Kutawa da ke tsere wa kowa a makarantarsu zai iya mayar da gudu sana'a? Zai iya, amma bari mu duba inda kuɗin ke fitowa.

Abin da aka fi yayatawa shi ne kyautar gasa. A 2016 aka fara gudun fanfalaki na Legas mai kilomita 42, wanda bankin Access ke ɗaukar nauyinsa, kuma ɗan Kenya Abraham Kiptum ya tafi da dala 50,000. A 2022, a birnin Eugene na Amurka, 'yar Najeriya Tobi Amusan ta kafa tarihin duniya a tseren tsallake shinge na mita 100 cikin daƙiƙa 12.12. Ta samu dala 100,000 kan tarihin, ban da dala 70,000 na lambar zinare.

Kuɗi ne masu tsoka, sai dai na rana ɗaya ne, kuma na 'yan kaɗan. Wanda ya yi targaɗe ana saura mako guda gasa ba ya samun ko sisi. Inda kyauta ta yi kauri kuma, nan ake sa ido kan maguɗi: shi kansa Kiptum an dakatar da shi shekara huɗu a 2019 bayan gwajin jininsa ya nuna alamar an taɓa shi.

Abin da ke riƙe ɗan tsere a sauran ranakun shekara shi ne mai ɗaukar nauyi. Kamfanoni irin su Nike da Adidas da Puma kan biya albashi, su ba da takalma da kaya, shi kuma ya biya mai horar da shi, ya ci abinci mai gina jiki. Amma fa da sharaɗi: in ƙafa ta yi sanyi, sai a zaftare kuɗin. A 2019 Ba'amurkiya Allyson Felix ta fito fili ta ce Nike ta nemi rage mata kashi 70 cikin 100 a lokacin da ta haihu. A Kenya kuwa, 'yan tsere da yawa sojoji ne ko 'yan sanda, albashin gwamnati ke riƙe su.

Inda babu wannan, mai gudu kan bi inda ake kula da shi. Francis Obikwelu ya koma Fotugal, ya ciyo mata azurfa a Olamfik ta 2004. Salwa Eid Naser, haifaffiyar jihar Anambra, ta zama zakarar duniya a mita 400 a 2019, amma tutar Bahrain ta ɗaga. Mu a ganinmu ba su da laifi. Abin da ya fi yi mana ciwo shi ne tarihin fanfalaki na Najeriya, awa 2 da minti 16 da daƙiƙa 6, da Abbas Mohammed ya kafa a 1990, ya haura shekara 30 babu wanda ya karya shi, alhali ga matasa nan birjik.

Hanyar da ta fi kusa da ku ita ce ta Tobi. Kafin wani kamfani ya dube ta, tallafin karatu ta samu a Jami'ar Texas da ke El Paso, kuma jami'a ba ta ɗaukar wanda ba shi da sakamakon jarrabawa. Takan kuma tambayi lokacin da ka yi, a rubuce. Saboda haka a gasar da ke tafe, ku roƙi malamin wasanni ya auna filin da tef, ya riƙe agogo, ya rubuta wa kowa daƙiƙoƙinsa. Wanda ya samu nasa ya aiko mana, za mu buga a wannan shafi.